Ɗalibin Hausa, Tashi Ka Hau Dutse

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Da yawa daga cikinmu a nan Ojo da Agege aka haife mu. Mun san teku da gada da cunkoson motoci, amma kalmomi irin su tsauni da kwazazzabo da kogo sai dai a ƙamus. Ta yaya ɗalibi zai yi sharhin kirarin da ya kira sarki dutse, alhali bai taɓa haki a kan dutse ba?

A ganina, lokaci ya yi da ziyarar ilmi ta ɗalibai za ta wuce Badagry. Mu nufi gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa. A can ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da rani, tare da ɗan jagora. A hanya ɗalibi zai ji yadda Hausa ke cuɗanya da Fulatanci, ya kuma cika littafinsa da sunayen itatuwa da tsuntsaye.

Wani zai ce akwai nisa da tsada da matsalar tsaro. Gaskiya ne, kuma ba a wasa da rai. To, mu fara da Dala a Kano, mazaunin Barbushe, ko Kufena a Zariya, a kafa adashi tun farkon zangon karatu. Sannu ba ta hana zuwa. Shugabannin ɗalibai, sai ku sanya wannan cikin shirinku na bana.