Kayen babban hili makaranta ne

  Hirarmu ta wanga wata bisa wani yaro take, da kuma wani wasa wanda galibinmu ba mu taɓa gani ba.

Akwai wani saurayi garinmu, arewa da Tawa. Ba ni faɗin sunanshi, don kunyar da ya sha ta ishe shi. Shekarunshi 20. Shekara biyu ke nan babu wanda ya kai bayanshi ƙasa, daga kasuwar Barmu har ta Afala. Bayan girbi anka kai shi Tawa, hilin kokowa na Hamidin Mai Dare, wurin zaɓen ƴan kokowar jaha. Mutanen gari sunka tara kuɗin mota sunka bi shi. Ya shiga hili. Makaɗi bai ƙare kirarinshi ba anka kada shi.

Tun ran nan yara suna bin shi da waƙa. Manya suna cewa ashe zakaran ƙauye ne. Shi ko ya rataye walkinshi. Ya ce Abijan za shi biɗa, shi da kokowa har abada.

Na iske shi da dare. Ya ce mini: "Malam, wallahi ba ƙarhi mutumin nan ya hi ni ba. Da na ga jama'a, na ji lasifika ta kira sunana, sai ƙafafuna sunka mutu."

Sai na ba shi labarin wani Bature. Ga shi, ku ma ku ji.

Turawa suna da wani wasa da ake ce ma golf. Akwai hilinshi Kano da Kaduna. Ƙwallon ɗan ƙarami ne, bai kai ƙwan kaza ba. Da sanda ake bugunshi, kamar yadda yaran makiyaya suke bugun ƙwallon goriba. Hilin yana da ramu 18, nesa da juna. Mutum shi buga ƙwallo, shi bi shi, shi sake bugu, har shi shiga rami. Ana ƙidaya kowane bugu. Wanda bugunshi ya hi kaɗan, shi ya ci. Gwani yakan gama ramu 18 da bugu 70 ko kusa da haka.

Kowace shekara suna da manyan gasa huɗu, ukku Amurka, ɗaya ƙasar Birtaniya. Kwana huɗu ake kowace. Ɗaya daga ciki sunanta Mastas, garin Ogasta na Amurka ake yin ta, cikin watan Afrilu. Wanda ya ci, koriyar riga ake sa mishi. Wagga riga ita ce takobinsu.

Baturen da nike ba ku labari sunanshi Rori Makilroy, mutumin Ailan ta Arewa. An haihe shi 1989. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ubanshi aiki bisa aiki yake yi, uwarshi tana aikin dare cikin masana'anta, don su samu abin kai shi wurin wasa. Cikin 2007, yana da shekara 18, ya mai da golf sana'arshi.

Cikin 2010 ya shiga babbar gasar Birtaniya. Ranar farko ya yi bugu 63, ya wuce kowa. Rana ta biyu iska ta taso, ya yi bugu 80. Ya ƙare cikin na ukku. Ran nan ya koyi abin da iska take yi ma mai gaugawa.

Cikin Afrilu 2011 ya tahi Mastas, yana da shekara 21. Ranar farko bugu 65, ta biyu 69, ta ukku 70. Ya kwana gaban kowa da bugu 4. Duniya duk ta ce riga tashi ce. Rana ta huɗu, da ya kai rami na 10, sai hannu ya ƙwace mishi. Ƙwallo ya tahi can gindin ɗakunan baƙi, inda ba a saba ganin ƙwallo ba. Ramin da ake gamawa da bugu 4, shi sai da ya yi 7. Daga nan komi ya wargaje. Ya gama ranar da bugu 80. Wani ɗan Afirka ta Kudu ya sa riga. Rori ya koma cikin na 15, kuma mutanen duniya suna kallo ga talabijin.

To, ku dubi abin da ya yi bayan kaye. Bai ɓoye ba. Ya tsaya gaban ƴan jarida ran nan, bai laɓe ga iska ba, bai laɓe ga sanda ba. Daga baya ya zauna ya kalli hoton wasan nashi. Ya lura tun da abu ya fara ɓaci kanshi yana ƙasa, yana kallon takalminshi. Ya ƙudura nan gaba idonshi sama za shi tsaya. Sannan ya tahi wurin wani tsohon gwani wanda ya taɓa cin manyan gasa biyu, ya gyara mishi bugun kusa da rami.

Wata biyu tsakani, cikin Yuni 2011, anka yi wata babbar gasar kusa da birnin Washinton. Rori ya sake kwana gaban kowa. Wanga karo ƙafa ba ta mutu ba. Ya ci, ya bar na biyu baya da bugu 8. Ya ƙara cin wata cikin 2012, ya ci biyu cikin 2014. Amma koriyar riga ta ƙi. Kowace shekara shina komawa Ogasta, shina dawowa hannu wohi. Sai cikin 2025, zuwanshi na 17, anka sa mishi ita. Shekara 14 bayan wancan kaye. Sannu ba ta hana zuwa.

Da na ƙare, yaron ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, ashe su ma ƙafarsu tana mutuwa?" Na ce mishi kowa ya shiga babban hili karon farko, da tsoro yake kokowa, kahin shi kama abokin karonshi.

Ƴan'uwa, mu duba namu. Nan Tawa anka yi kokowar ƙasa ta farko, cikin 1975, Kantu na Maraɗi ya ci. Jahohi 8 suke karawa, kowace da mutum 10, ƴan kokowa 80 ke nan. Takobi ɗaya ne. Wanda anka kada sau ɗaya, takobin shekarar ya wuce shi. Ashe kowace shekara mutum 79 suke komawa gida babu takobi. In da kowane ya rataye walki don ya sha kaye, da wa za mu kallo baɗi? Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi sau 6, amma shi ma ƙasa ta san bayanshi. Cikin Disamba 2024, can Doso, Abba Ibro ya kawo muna takobi Tawa. Ku tambayi tsohin ƴan kokowa, za su gaya muku babu sarkin da anka haifa da takobi ga hannu.

Akwai abin da dandalin ƙauye ba ya koyarwa. Gida ka san kowa, ka san kamun kowa. Babban hili akwai ƙarar jama'a, akwai lasifika, akwai alƙali da agogo. Akwai kwana baƙon wuri da abincin da ba ka saba ba. Akwai zaman jira tun hantsi har la'asar, jiki ya yi sanyi. Akwai tsohon hannu wanda ya san yadda zai sa ka gaugawa. Waɗanga duk sai an je ake koyonsu. Gani ya kori ji.

Don haka ga roƙona gare ku.

Na farko, mu bar ba'a ga yaron da ya faɗi. Ya tahi da sunan garinmu. Wanda ya yi dariya, mu tambaye shi shi ina ya taɓa shiga.

Na biyu, tsohin ƴan kokowa su zauna da shi. Yanzu kusan kowane karo akwai wanda ya ɗauke shi ga salula. A kalla tare, a nuna mishi inda ya saki ƙafa, da inda ya ba da ƙugu.

Na ukku, kada a jira ranar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tahiya. In ana kokowa Keta, ko Illela, ko Buza, a kai shi ya kara da baƙi, ya saba da jama'ar da ba ta san shi ba. Wanda ya iya taimaka mishi da hatsi, ko nono, ko kuɗin mota, shi taimaka.

Na huɗu, ku samari, kaye ba shi kashe mutum. In za ka biɗa, tahi don neman abin kai gida, kada ka tahi don gudun waƙar yara.

Shi yaron namu, har yau bai ce ya fasa Abijan ba. Amma shekaranjiya da dare na ga kawunshi, wanda ya yi kokowa zamaninshi, sun duƙa su biyu bisa salula gindin bedi. Tsohon yana cewa a mai da hoton baya, a sake.

Wanda yake da irin wanga yaro garinsu, shi rubuto muna da hannunshi, mu ji yadda kunka yi da shi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah shi ba mu lahiya da zama lahiya.