Mai tauna taura biyu a ƙwallon Amurka

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Amma a ƙwallon zari-ruga na Amurka, wanda hukumar NFL ke shiryawa, akwai ɗan wasan da sana'arsa ke nan. Amurkawa na kiransa tayit-end, watau ɗan ƙarshen layi wanda ke manne da ƴan uwansa; a taƙaice, ɗan-manne.

Ga yadda wasan yake. Kowace ƙungiya tana da mutum 11 cikin fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su tura ƙwallo gaba yadi 10, kimanin mita 9, ko su ruga da ita a hannu, ko jagoransu ya jefa wa wani ya cafe. Ƙarti biyar ne ke yi wa jagoran ganuwa, kuma doka ta hana su cafe jifa. Ɗan-manne yana tsaye a kafaɗar wannan ganuwa, amma shi doka ta yarje masa ya cafe.

A nan amfaninsa yake. In an yi nufin rugawa, sai ya zama ƙato na shida, ya bangaje mai tsaro ya buɗe hanya. In jifa ce, sai ya sulale tsakiyar fili ya miƙa hannu. Abokan gaba ba su san wanne zai yi ba sai ƙwallo ta motsa. Su haɗa shi da ƙaƙƙarfa, ya tsere masa; su haɗa shi da mai gudu, ya fi shi tsawo da nauyi.

Da fari, tare hanya ne babban aikinsa. Mike Ditka na ƙungiyar Chicago Bears ya sauya lissafin a 1961, shekararsa ta farko, inda ya cafe jifa 56 da suka kai yadi 1,076. Sai a 2024 wani sabon ɗan-manne, Brock Bowers, ya zarce wannan adadi da yadi 1,194. A San Diego, mai horarwa Don Coryell ya riƙa janye Kellen Winslow daga jikin ganuwa yana ajiye shi can gefe, har ya fi kowa cafe jifa a 1980 da 1981. Daga baya ƙungiyoyi suka shiga farautar ƴan ƙwallon kwando, irin su Antonio Gates, wanda bai buga zari-ruga ba a jami'a.

To, mai aiki biyu, albashin wanne za a ba shi? Tambayar ta kai gaban mai sulhu a 2014. Kwantiragin Jimmy Graham na New Orleans Saints ya ƙare, ƙungiyar ta yi amfani da dokar da ta ba ta ikon riƙe ɗan wasa shekara guda bisa kuɗin da aka yanke wa matsayinsa. Kuɗin ɗan-manne a lokacin dalar Amurka miliyan 7 ne da ƴan kai. Na mai cafe jifa zalla ya haura miliyan 12. Sandikar ƴan wasa ta kafa hujja da cewa a kakar 2013 Graham ya yi kusan kashi biyu cikin uku na wasansa nesa da ganuwa. Mai sulhu Stephen Burbank ya yanke cewa ɗan-manne ne. Ƙarshenta Graham ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu na miliyan 40.

Hukuncin ya nuna abin da ma'aikaci ya daɗe da sani: sunan muƙami kan rinjayi aikin da aka yi ranar biyan albashi. Masu ƙungiyoyi kuwa sun gane ribar. Travis Kelce ya haura yadi 1,000 shekara bakwai a jere, daga 2016 zuwa 2022, Kansas City ta ɗauki kofi uku tare da shi, alhali kuɗinsa bai kai na manyan masu cafe jifa ba. Duk ɗan kasuwar da ya sami haja irin wannan a kan wannan farashi, ba zai saki ba.