Kada Tsofaffin Motocin Ingila Su Ƙare A Hannun 'Yan Gwangwan

In ana zancen motocin Ingila, abin da kan fara zo wa mutane a rai shi ne Rolls-Royce, motar sarakuna da manyan attajirai, wadda aka kafa kamfaninta a 1906 bayan Charles Rolls da Henry Royce sun haɗu a Manchesta a 1904. Ko kuwa Jaguar E-Type ta 1961, wadda ta yi suna wajen gudu. Amma in ka tambayi dattawan Rara, ko na Wurno da Raba da Goronyo, motar Ingila da suka sani ita ce Land Rover, wadda ta riƙa ɗauko malaman gona da malaman dabbobi da ma'aikatan En'e tana ratsa rairayi da laka da su, tun kwalta ba ta kai ko'ina ba.

Ya kamata ɗalibanmu su san dalilin ƙarkon wannan mota. An fito da ita a 1948, lokacin da ƙarfe ya yi wuya a Ingila saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ya sa kamfanin Rover ya yi mata jiki da alminiyam, wanda ba ya tsatsa, aka ɗora shi bisa ƙaƙƙarfan shasi mai siffar tsani. Injin yana iya juya ƙafafu huɗu duka, ga kuma ƙaramar giya ta fita daga kwari. Yawancin jikin da noti aka ɗaure shi, don haka bakanike mai sifana da guduma yana iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya. Masu ƙera ta sun yi tunanin manomi, shi ya sa ta dace da fadamun gulbin Rima.

To, ina waɗannan motoci suke yau? Waɗanda suka rage suna yashe a bayan ofisoshi da garejoji, kaji na ƙwai a ciki, har ranar da ɗan gwangwan zai zo ya auna su a sikeli. A Turai kuwa, tun da aka daina ƙera tsohon samfurin a Janairun 2016, masu sha'awa neman su suke yi da kuɗi mai tsoka.

Wani zai ce ai tsohon ƙarfe ba ya magance yunwa, kuma motocin Japan sun fi su sauƙin mai da ƙarancin lalacewa. Gaskiya ne, ba kuwa muna cewa a koma hawansu ba ne. Su kansu Turawan Ingila sakaci da ingancin aiki da yawan yajin aiki ne suka durƙusar da British Leyland, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. Daga baya Rolls-Royce ta koma hannun BMW na Jamus, Jaguar da Land Rover kuma suka koma hannun Tata na Indiya a 2008. Wannan ma darasi ne ga duk mai riƙe da dukiyar jama'a: suna ba ya riƙe masana'anta in babu kulawa.

Shawararmu ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomi ita ce a ƙidaya waɗanda suka rage kafin a yi gwanjonsu. A miƙa wasu ga makarantun koyon sana'a, inda yaro zai ga yadda giya da kuloci da birki ke aiki da idonsa, abin da motar zamani mai kwamfuta ke ɓoye masa. A gyara ɗaya ko biyu a ajiye a gidan tarihi. Sa'an nan duk ma'aikacin da zai sa hannu a takardar sayen motar aiki, ya fara tambaya: shin bakaniken Raba zai iya gyara ta? In amsar a'a ce, to a sake shawara, domin kuɗin talakawa ne.