A Dubi Kuɗin Tikiti

A shekarar 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙayyade cewa ministoci da manyan sakatarori su shiga sashen alfarma na jirgin sama, ƙananan ma'aikata kuwa sashen gama-gari. Tsimi ake nufi, mun yarda. To, amma kamfanoni kan tsawwala kuɗin gama-gari in kujeru sun kusa ƙarewa, har wani sa'in ya zarce na alfarma. Sai akanta ya biya mai tsadar, wai shi mai bin doka! Mu 'yan Birnin Kudu da Gwaram, da sai an sayar da gero ake haɗa mana kuɗin mota, muna kira ga hukuma ta yanka iyakar kuɗin tikiti, ma'aikaci ya zauna inda ya fi araha.