A kai yara su kwana daji, ko da ba na giwaye ba ne

Duk shekara in sanyi ya shigo, sai maganar fita da yara ta taso a taron malamai, kuma kullum wuri ɗaya take mutuwa. Wani ya ce gandun W, wani ya ce Kure wajen raƙuman dawa, sai direkta ya ɗaga kai ya ce, to wa zai sa hannu a takardar? Sai kowa ya yi shiru. A rufe kaye, a koma maganar alli da teburan da suka karye. Wani abokin aikina har cewa ya yi tunda manyan wuraren sun fi ƙarfinmu, mu haƙura sai ƙasa ta lafa. Ni ban yarda da wannan haƙurin ba. Na taɓa kai yara babban wurin, na kuma ga abin da suka dawo da shi.

Yau wajen shekara goma sha biyar ke nan. Lokacin ina riƙe da ajin CM2 a wata lakwal a gefen Yamai. Iyaye suka yi karo-karo, wani mai hali a cikinsu ya cika sauran, muka ɗauki hayar mota a hutun ƙarshen Disamba: yara ashirin da huɗu, malamai uku. Muka bi ta Say, muka wuce Tamou, har Tapoa inda ƙofar gandun take, tafiyar kilomita kamar 150. Tun a aji na cika musu kunne da darasi. Na ce an kafa gandun a 1954, sunansa daga lanƙwasar kogin Isa ya samo, wadda ta yi kama da harafin W, faɗinsa a ɓangaren Nijar hekta 220,000, sauran yana Benin da Burkina, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Duk sun haddace. Giwa kawai suke jira.

Abin da ban lissafa ba shi ne, makon nan ne kowa a Yamai yake hutu. Muka tarar da manyan motoci jere a bakin ƙofa, Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyi da iyalansu. Masauki ya cika, kuma gaskiya ko da bai cika ba, aljihunmu bai kai ba. Wani cikin masu rakiya ya ji tausayinmu, ya kwatanta mana wani ƙaramin sansani na mutanen ƙauye, can waje da iyakar gandun. Da muka isa, bukkoki ne ƴan kaɗan, da rumfa ɗaya, da randar ruwa, da tsamiyoyi, sai daji ko'ina. Ba wuta, ba kowa sai wani tsoho mai gadi. Kunya ta kama ni. Na ga kamar na karɓi kuɗin mutane na kawo ƴaƴansu inda ba shi aka yi alkawari ba.

Wunin da muka yi cikin gandun ba zan ce banza ba ne. Mun ga gwanki, mun ga gwaggon biri da yawa, mun hango ɓauna daga nesa. Giwa kam sai kashinta da sawunta. Amma ba a sauka daga mota sai inda aka yarda, kuma haka ya dace, don ba gonar kowa ba ce. Duk inda aka ce ga dabba, motoci uku sun riga mu, ƙurarsu muke sha. Na kusa da taga sun gani, na tsakiya ƙeyar ƴan uwansu suka kalla. Biyu suka yi amai, da yawa suka yi barci kafin la'asar.

Da dare ne abin ya faru, kuma ba ni na shirya shi ba. Bayan an ci shinkafa da wake, yara suna ta hayaniya kamar a filin lakwal. Tsohon nan, wanda Hausarsa ba ta da yawa, ya zo ya zauna bakin wuta, ya ɗaga hannu, ya ce a yi shiru har itacen nan ya cinye. Da farko sai ƙus-ƙus da dariya. Can sai suka ji mujiya. Sai wata ta amsa mata daga wani gefen. Can nesa sai kukan kura, siriri, yana hawa. Na ga yara suna matsowa jikin juna, amma ba wanda ya ce a shiga ɗaki. Wata yarinya ta ɗaga kai ta ce, Mushe, taurarin nan a Yamai ina suke zuwa? Ranar na nuna musu Kaza da ƴaƴanta, abin da kakata ta nuna mini a tsakar gida, wanda ni ban taɓa tunanin sa shi a darasi ba.

Da asuba bayan salla tsohon ya zagaya da mu bayan sansanin, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba. A ajin akwai wani yaro da aka kawo daga ƙauye yana zaune wurin kawunsa. A dikte kullum shi ne na ƙarshe, har na saba da rashin jin muryarsa. Shi ne ya durƙusa ya ce wannan sawun gada ne, wannan na dila, nan kuma zabin daji suka yi wankan ƙasa jiya da marece. Tsohon yana gyaɗa kai. Ya nuna kalgo, ya nuna sabara, ya ce wannan marke ne, itacensa ba ya hayaƙi da yawa. Ƴan birnin da suke masa dariya suka koma bin shi a baya suna tambaya. Da muka dawo na ba su rubutu a kan tafiyar. In ban da uku ko huɗu, duk daren nan da safiyar nan suka rubuta. Shi kuwa yaron ya cika shafi biyu, da kurakurai kamar ƙasa, amma shafi biyu.

Tun daga nan na daina auna fita da girman sunan wurin. Abin da ya shiga yaran nan ba ya cikin abin da muka biya kuɗin mota dominsa. Shiru ne, da duhu, da tafiya da ƙafa, da dattijon da ya san wurin. Babban gandu mai cike da baƙi ba ya iya ba ka waɗannan, don dole ya tsare dabba daga mutum, ya tsare mutum daga dabba. Ƙaramin daji ne yake barin yaro ya durƙusa ya taɓa ƙasa.

Ba a nan kaɗai ake ganin haka ba. A Amurka, gandun Yellowstone da aka kafa tun 1872 yana karɓar baƙi sama da miliyan huɗu a wasu shekarun, wuraren kwana a cikinsa sai an kama tun watanni kafin lokaci. Amma kewaye da shi akwai dazuzzukan gwamnati masu ƙananan sansanoni, wasu ba wuta ba famfo, inda masu neman natsuwa suke kafa tanti, su shiga gandun da safe su fito da marece. Su zaɓi ne suke yi. Mu a wancan karon dole ce ta sa, sai ta zama alheri.

Yanzu kuwa ko zaɓin babu. Shekaru ke nan masu ɗauke da makamai suna cikin dajin W, kuma babu malami mai hankali da zai bi hanyar Tamou da ƴaƴan mutane. Kure, mai nisan kilomita kamar 60 daga Yamai, kowa ya tuna 9 ga Agustan 2020, ranar da aka kashe mutum takwas a can. Ko a jihar Maraɗi, dajin Baban Rafi da a da zan fara ambata, yau yana yankin iyaka da masu satar mutane suka addaba. Ba na kiran kowa ya yi jarumta da yaran da ba nasa ba. Inda hukuma ta ce a'a, a'a ne. Inda mai gari ya yi jim kafin ya amsa, shi ma a'a ne.

Sai dai ƙasar ba duka ta zama haka ba. Akwai garuruwa da yawa a jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa inda mutane suke kwana a gona lokacin girbi ba tare da fargaba ba. Kuma muna zaune cikin abin da baƙi suke tasowa daga nesa su gani, mu ba mu kai yara ba. Tun shekarun 1980 manoman kudancin Nijar suka koma barin toho a gona maimakon sassabe shi duka, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya da rani ya ga gawo kore shar a cikin gonaki, alhali komai ya bushe. Tambayi ɗan CM2 me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina ya tofo da rani, da abin da hakan yake yi wa hatsin da ke ƙarƙashinsa. Zai iya kawo maka sunan kogunan Turai, amma nan sai ya sosa kai. Ranar dashen itace ma, 3 ga Agusta, tana faɗowa tsakiyar babban hutu, lokacin da lakwal take rufe. Wato a shekarar karatu kaf babu ranar da aka keɓe yaro da itace su haɗu.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don an faɗa mini a fuska: Mushe, yaran da kullum suna daji wajen itace da kiwo, me za ka nuna musu? Akwai gaskiya a ciki. Amma ɗan ƙauye ya san daji a matsayin wurin aiki, a shiga da gatari a fito kafin rana ta yi zafi. Ba a taɓa ce masa abin da ya sani ilimi ne ba. A aji shi ne wanda Faransanci ya kayar, sai ya ɗauka kansa ne babu komai. Ɗan birni kuma, na Maraɗi ko na Damagaram, yana iya gama firamare bai taɓa kwana inda ba fitila ba, gawayi a buhu ya san shi, bai san itacen da aka sare ba. Kowannensu yana da abin da zai ɗauko. Ban ce wannan ya maye ganin giwa ba. Ina fatan ranar da zan sake tsayawa a Tapoa da yara. Amma ɗan shekara goma sha biyu na bana ba zai tsaya yana jiran ranar ba, baɗi ya wuce kwaleji ko ya bar karatun.

Bara na gwada, a inda nake koyarwa yanzu a jihar Damagaram. Akwai wani kurmi na gawo da tsamiya da ƴan kanya a bakin fadama, kilomita bakwai daga lakwal. Aikin da ya fi wuya ba a dajin yake ba, a zaure yake. Na je wurin mai gari sau biyu. Na kai takarda wurin masu duba makarantu, na sanar da jandarma, na roƙi ma'aikacin gandun daji ya zo tare da mu, ya kuma zo. A taron iyaye maganar ƴan mata ce ta fi daɗewa, kuma ban ga laifinsu ba. Aka tsaya a kan uwaye biyu za su bi mu, mata su kwana a rumfarsu daban, wanda bai yarda ba kuma ba za a ƙi ɗansa a aji ba. Biyar ba su zo ba. Kowane yaro ya kawo tabarma da bargo da tiya guda ta hatsi ko wake, kuɗin da aka tara bai wuce na amalanken shanu biyu da suka ɗauki kaya da jarkokin ruwa ba. Yaran da ƙafa suka tafi. Muka share wurin kwana tun da rana saboda kunama da maciji, muka ajiye babur ɗaya da mai a ciki ko da wani zai tashi da ciwo.

Na yi kuskure ɗaya babba: na raina sanyin fadama a watan Janairu. Bargo ɗaya bai isa ba, wajen ƙarfe uku na dare rabin yaran suna bakin wuta suna kaɗuwa, uwayen nan biyu kuwa ba su rage mini komai ba. Wanda zai yi, ya sa a kawo bibbiyu, ko ya jira ƙarshen Fabrairu.

Wajen sha ɗaya na dare muka hango fitilar babur tana tahowa. Gabana ya faɗi. Ashe mahaifin wata yarinya ne, ya kasa barci, ya zo ya tafi da ita. Na ce, Alhaji, bismilla, ga ta can wurin su Inna, amma ka ɗan sha shayi tukuna. Ya zauna. Lokacin wani tsohon maharbi da mai gari ya haɗa mu da shi yana ba yara labarin yadda fadamar nan take sa'ad da yake saurayi, da namun da suka ƙare a cikinta ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya gyara masa sunan wani tafki da ya ƙafe, gardama ta tashi tsakaninsu, yara suna ta kallo. Bai tafi da ita ba. Da safe na same shi gindin wani gawo da yara shida kewaye da shi, yana nuna musu yadda ake zaɓen tohon da za a bari da wanda za a cire. Da zai hau babur ya ce in za a sake bana, a faɗa masa da wuri, yana da tanti na leda da yake rufe buhuna da shi.