Zancen Zango: Abin da Alhaji Aliu Mahama Ya Bar Mana

Duk wanda ya je kallon ƙwallo a babban filin wasa na Tamale ya san sunan da filin ya samu tun 2017, wato Alhaji Aliu Mahama. Yaranmu da yawa sunan kawai suka sani, ba su san mai shi ba. To, bari mu tuna musu.

An haife shi a Yendi a 1946, ɗan Sarkin Zangon garin ne. Ya yi sakandare a nan Tamale, ya wuce jami'ar kimiyya ta Kumasi, inda ya sami digiri a fannin gine-gine a 1971. Ya yi aiki da kamfanin gine-gine na gwamnati har ya zama manajansa na yankin Arewa, sannan a 1982 ya kafa nasa kamfanin kwangila mai suna Lidra. Daga 2001 zuwa 2009 shi ne Mataimakin Shugaban Ƙasa a gwamnatin Kufuor, Musulmi na farko da ya riƙe wannan muƙami a Ghana. Allah ya yi masa rasuwa ranar 16 ga Nuwamba, 2012. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihinsa shi ne wannan: mutum ne mai kamfani, mai abin hannunsa, amma bai raina ƙaramar kujera ba. Ya zauna a majalisar gundumar Yendi a 1978, ya kuma zama ɗan majalisar garin Tamale a 1990. A irin wannan majalisa ake yanke inda hanya za ta bi, da inda za a kai famfo, da wurin zubar da shara. Da ya hau babban muƙami kuwa, sai ya ɗauki yaƙi da rashin ɗa'a ya sa a gaba, yana jan kunnen jama'a kan zubar da shara barkatai da karya dokar hanya. Magini ne, ya san kwalbati komai ƙarfinsa, in aka cika shi da leda ruwa zai nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Yanzu mu juyo gida. Mu dubi unguwanninmu na zango, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wani zai ƙara ɗaki don haya, ya ci rabin lungu. Maƙwabcinsa ya ga haka, shi ma ya matso da katanga. Kafin a ankara, hanyar da mota ke shiga ta koma ta babur. Ranar da gobara ta tashi, ko mai naƙuda ta bukaci mota cikin dare, ina za a bi? Damina kuma ta zo, ruwa ya rasa mafita, sauro ya sami masauki. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ga attajiranmu muke fara magana. Gina masallaci alheri ne babba, Allah ya saka. Amma masallatan nan suna bukatar ruwan alwala, da makewayi mai tsabta, da makarantar da 'ya'yansu za su shiga. Wanda ya sayi fili ya bar wa yara wurin wasa, ko ya gyara magudanar ruwan unguwa, shi ma sadaka mai gudana ya yi.

Sauran jama'a kuma, mu daina zaman 'yan kallo. A 2017 Majalisar Dokoki ta amince da dokar kafa asusun raya zanguna, amma kuɗi ba ya zuwa inda ba a tsara bukata ba. Idan ɗan majalisar unguwa ya kira taro, mu je, maza da mata. Idan zaɓen majalisar gari ya zo, mu tsayar da masu ilmi daga cikinmu. Kakanninmu fatake sun zauna lafiya da Dagomba masu ƙasa, garin nan namu ne tare, gyaransa ma haka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.