Ɗorayi: Hayaƙi Namu, Riba Tasu

Jama'a, duk wanda ya ce ɗan kasuwa na kafa jarinsa ne inda ya ga dama, bai san Kano ba. Abu biyu ke jan kuɗi zuwa wuri: yanayin ƙasa da sunan mutanen wurin. Na farko muna da shi a Ɗorayi. Na biyun kuwa an ɓata mana.

Mu fara da ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma Turawa suka ajiye tasha da kantuna da gidajensu a gabas da ganuwa. Nan cinikin gyaɗa ya kankama, nan Kwarori suka kafa Kantin Kwari, nan kuma masana'antun farko suka tsiro a Bompai. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Bompai ta cika, sai aka juyo kudu maso yamma, inda fili yake da yawa, ga kuma Kogin Challawa. Aka yanka Sharaɗa, aka yanka Challawa. Masu jima ba sa aiki sai da ruwa, don haka suka bi kogi. Wannan lissafi ne, ba mu da ja a kai.

To, amma a dubi rabon. Warin fata da hayaƙi da ruwan dagwalo sun zo ɓangarenmu. Leburorin da ke sammako zuwa Sharaɗa daga Ɗorayi da Ja'en da maƙwabtansu suke fitowa. Mai masana'antar fa, ina yake kwana? A Nassarawa. Ina manyan otal-otal da ofisoshi masu sanyi? Can gabas. Babban kantin zamani na Ado Bayero da aka buɗe a 2014, a titin Gidan Zu aka gina shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

In ka tambayi attajiri dalili, sai ya ce ai Ɗorayi unguwar 'yan daba ce. Ba mu musun cewa ana faɗan daba. Amma wace unguwa ce a Kano ba ta taɓa ganin masifa ba? A watan Janairu na 2012 an kai hari hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, rayuka suka salwanta. Wa ya ce Bompai unguwar bom ce? Kasuwar Sabon Gari ta ƙone ƙurmus a 2016, masu kuɗi suka koma suka sake ɗaura shaguna. Abin da ya faru a unguwar manya sunansa tsautsayi. In a ta talaka ne, sai a ce halinsu ne.

Kuma wa ya haifi dabar? Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki, da kayan waje masu araha, masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Uba ya rasa aiki, ɗa ya taso bai ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mai jari ya gudu saboda suna, gudunsa ya ƙara zaman banza, zaman banza ya ƙara ɓata sunan. An kashe maciji ba a sare kansa ba, sannan ana mamakin sara.

Mu ɗalibai, tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana maƙwabtaka da Ɗorayi. A can da yawanmu ke haya, a can muke sayen abinci, malamai da ma'aikata na zaune cikinta lafiya lau. Wannan ba kasuwa ba ce? Ya kamata gwamnati ta kai fitilun titi da magudanan ruwa, ta tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su zubar. 'Yan jarida su daina tuna Ɗorayi sai ranar da jini ya zuba. Mu kuma masu nazarin harshe, mun san nauyin laƙabi. Mu daina maimaita shi a bakinmu, mu ƙalubalanci duk wanda ya furta shi.

Allah ya sa masu kunne su ji.